Tsare Kayan Matafiyi Daga Ruwan Damina

Watan Agusta shi ne tsakiyar marka a ƙasashen Kano da Zazzau, sa'ad da ruwa kan wuni yana zuba. A lokacin nan mai tafiyar ƙasa da jaka a baya, ko ɗalibi ne mai zuwa ƙaro karatu, ko mai cin kasuwar ƙauye, babu abin da ya fi ɓata masa rai kamar ya isa masauki ya tarar ruwa ya shiga kayansa. Tufa in ta jiƙe sai a shanya ta. Amma littafin da aka yi wata shida ana rubuta shi da hannu, ruwan sa'a guda ya isa ya lalata shi, domin tawadar gawayi da ƙaro narkewa take yi, takardu kuwa su manne da juna.

Mutanen dā sun san wannan sarai. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, tun kafin hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, galibi da rani suke tashi don gudun ruwa. Malamin da tafiya ta kama shi da damina kuwa ba ya dogara ga kariya guda. Sai ya sa takardunsa cikin tadarishi ya ɗaure, ya zura cikin gafaka ya rufe marfi, kana ya naɗe gafakar da buzu, shi kuma ya yafa kabido na kaba.

Jakar zamani ta roba-roba ce, shi ya sa waɗansu ke zaton ruwa ba ya ratsa ta. Lalle yana shiga, ta ƙofa uku: ta hujin allura a wurin ɗinki, ta zif, da kuma ta gefen da ke manne da bayan mai ita, inda ruwan da ya gangaro daga wuya da kafaɗu ke taruwa. Mayafin da ake rufa wa jaka daga waje ba ya kaiwa wannan gefe, iska kuma takan yaye shi.

Saboda haka tilas kariyar ta zama daga ciki. A nemi babbar leda mai kauri, a hura mata iska a matsa, in da huji za ta nuna. A shimfiɗa ta cikin jaka tun ba a sa kome ba, a shirya kaya a cikinta, a fitar da iska, a murɗe bakin, a lanƙwasa shi ƙasa, a ɗaure. Littafi da waya da kuɗi da ashana, kowanne a ba shi tasa ƙaramar leda. Rigar da ta jiƙe a hanya kada ta koma cikin busassun kaya.

In an sauka a kwance kome ya sha iska, gama leda na riƙe laima, laima kuwa ita ke kawo fumfuna. In takarda ta jiƙe, kada a kai ta rana ko bakin wuta. A raba ta ganye-ganye a hankali, a shimfiɗa a inuwa.

Duk wannan aiki a gida ake yinsa tun hadari bai haɗo ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya kai matafiya lafiya.