Tiyatar Ciwon Dajin Ƙwaƙwalwa: Abin Da Ke Sa Cutar Ta Bazu

A ƙauyukan Zabi da sauran sassan ƙaramar hukumar Sabon Gari, muna yawan jin ana cewa da zarar wuƙa ta taɓa ciwon daji sai ya bazu. Wannan tsoro kan sa iyalai su ƙi amincewa da tiyata, don haka ya wajaba mu fayyace gaskiyar lamarin.

Mafi tsanani cikin dajin ƙwaƙwalwa shi ne giliyobilastoma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a mataki na 4. Ƙarin yakan kutsa cikin naman ƙwaƙwalwa kamar saiwar bishiya tun kafin a yi aiki. Shi ya sa ba a iya cire shi ƙarƙaf, kuma galibi yakan sake tsirowa ne a gefen inda aka cire shi.

Duk da haka, akwai abubuwan da suka shafi tiyata da ke ƙara haɗarin bazuwarsa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ramuka 4 masu ɗauke da ruwan da ke zagaya ta, ya gangara har cikin laka. Idan ƙarin yana dab da ɗayansu, kuma ramin ya buɗe lokacin aiki, ƙwayoyin cutar na iya bin ruwan su sauka a wani wuri. Haka nan robar da ake sakawa don janye ruwan zuwa ciki tana iya kai su can, ko da yake ba safai hakan ke faruwa ba.

Wannan ba hujjar guje wa tiyata ba ce. Da ita ake rage matsin da ƙarin ke yi a cikin kai, da ita kuma ake samun naman da za a gwada a tabbatar da irin cutar. Binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa haɗa gashin na'ura na mako 6 da maganin temozolomaid bayan aiki ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwar majiyyata daga kimanin wata 12 zuwa kusan wata 15.

Saboda haka, duk wanda ya ga ciwon kai mai ƙaruwa tare da amai, ko farfaɗiya ta fara wa babba, ko shanyewar ɓarin jiki a hankali, to ya garzaya asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da mu, yana kuma da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Kafin sa hannu, iyali su tambayi likita: shin ƙarin yana kusa da ramukan ruwa? Yaushe za a sake ɗaukar hoto? A ina za a yi gashi? Bayan aiki, idan sabon ciwon baya, sanƙarewar wuya ko raunin ƙafafu ya bayyana, a koma asibiti nan take.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na gundumomi da su isar da wannan bayani ga jama'a, domin jinkiri ya fi wuƙar likita haɗari.