Karatun kasuwanci a kolej da lise: abin da ƴaƴanmu na Tasawa da Mayahi suke bukata

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar BEPC da Bak ya fito, tambaya guda ce ke yawo a gidaje: wanda ya samu, ina za ya dosa? Wanda bai samu ba kuma, me za ya kama? Aikin gwamnati bai isar kowa, gona kuma tana ƙara tsukewa saboda rabon gado. Shi ya sa yara da yawa ke ƙarewa a bakin kasuwa, wani da tebur, wani da butik, wata da gyaɗa da mai. Abin da muke so mu duba yau shi ne ko lakkol tana shirya su ma wannan kasuwa da ke jiran su.

Ina ake koyar da kasuwanci?

Bari mu fara da tsarin karatun, don iyayen da ba su shiga aji ba su gane. Bayan shekara 6 ta firamare, yaro na shiga kolej, wato CEG, ya yi shekara 4, daga sizyem zuwa turwazyem, sannan ya zauna jarrabawar BEPC. Idan ya haye, sai lise shekara 3, ta ƙare da Bak. A lise na gama-gari akwai ɓangaren A na harsuna da adabi, akwai C da D na lissafi da kimiyya. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ware don saye da sayarwa.

Karatun kasuwanci na can ɓangaren fasaha, a rukunin da ake kira G. G1 aikin ofis ne da sakatariya, G2 lissafin shige da ficen kuɗi ne, wanda ake ce ma kwantabilite, G3 kuma dabarun ciniki da tallata haja. A jiharmu, makarantar gwamnati da ta yi suna a nan ita ce Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi. Wanda ya samu Bak na iya ci gaba, misali a IUT ta jami'ar Tawa, inda ake karantar da tafiyar da kamfani da harkar kasuwanci. A ƙasa kuma akwai cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, CFM, inda ake koyon ɗinki, kafinta, walda da gyaran babur, da asusun FAFPA mai tallafa ma horon sana'a.

To ga inda gizo ke saƙa. Yaron Urafan ko Korgom, ko yarinyar Kanembakashe ko Isawan, kafin su kai wannan aji sai sun haye BEPC, sun samu gurbi, sun samu mai riƙe su a Maraɗi. Da yawa tun a kolej suke tsayawa. Ke nan darasin ciniki an aje shi a saman tsani, alhali mafi yawan waɗanda za su yi cinikin tun a matakin ƙasa suke sauka.

Amma ai kasuwanci gadonmu ne

Wani dattijo za ya ce: mu da ba mu yi lakkol ba, wa ya koya mana? Gaskiya ne. Alhazan Maraɗi sun tashi ne da cinikin gyaɗa da safara tsakaninmu da Katsina da Kano, har wani mai bincike ɗan Faransa, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986. Makarantarsu ita ce zama ƙarƙashin ubangida. Yaro na bin maigida shekara da shekaru, yana awo, yana rakiyar kaya, yana ganin yadda ake tayi da yadda ake sallamawa, ranar da aka yarda da amanarsa a ba shi jari.

Wannan hanya tana nan, kuma tana da albarka. Sai dai ɗan lakkol ba ya samun ta, don shekarun da ake bin ubangida su ne shekarun da yake zaune a aji. Yarinya kuma da wuya ta samu wannan dama. Sannan kasuwar kanta ta canza. Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan 26 ga Yuli 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Naira ta faɗi ƙwarai tun 2023. A watan Oktoba 2024 hukumomin ƙasarmu sun hana fitar da hatsi waje, har da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa aljihun mai tiya a ƙauye. Wanda ke iya karatu da lissafi ya fi saurin gane inda iska ta dosa, in dai an koya masa ya haɗa abin da ke cikin kaye da abin da ke cikin buhu.

Darasi na farko: uwar kuɗi daban, riba daban

Abin da ya fi kashe ƙaramin ciniki a wajenmu shi ne cin uwar kuɗi ba tare da an sani ba. Ga misali, da farashin da muka ɗauka don bayani kawai, kowa ya sa na kasuwarsu.

Yarinya ta sayi ɓararriyar gyaɗa tiya 10, kowace tiya jika ɗaya da rabi. Jika 15 ke nan. Niƙa jika 1, itace dala 100, kuɗin amalanke zuwa kasuwa dala 100. Duka ta kashe jika 17. Ta samu mai lita 7, ta sayar kowace lita jika ɗaya da rabi, jika 10 da rabi. Ƙuli-ƙuli ya ba ta jika 8 da rabi. Abin da ya shigo hannunta jika 19. Ribarta jika 2 ce kacal, kuma ba a sa ladar wahalarta ba.

Yanzu a ce inna ta ɗebi lita guda don miyar gida, maƙwabciya kuma ta karɓi ƙuli na jika 1 bashi. Jika 2 da rabi sun fita. Riba ta tafi, an kuma gutsuri dala 100 cikin uwar kuɗi. Ita dai tana ganin kuɗi a hannu, tana cewa ciniki na tafiya. Bayan kasuwa goma sai a ji jari ya karye, a ce baki ne ko rashin sa'a.

Lissafin nan bai fi ƙarfin ɗan sizyem ba. Tarawa ce da ɗebewa. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa lissafin da mushe ke yi a allo da faran, shi ne wanda ake yi a kasuwa da dala da jika: dala guda faran 5, jika guda dala 200.

Darasi na biyu: kaye da bik

Ɗan kasuwar da ya yi lakkol yana da makamin da kakansa bai samu ba, wato rubutu. Kaye guda ya isa. Shafi ɗaya na abin da aka saya, ɗaya na abin da aka sayar, ɗaya na masu bashi da ranar da suka ɗauka, ɗaya kuma na abin da gida ya ci. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke jin kunyar rubutawa, kuma ta nan ne tulun ke yoyo. Ba a ce kar ka taimaki gida ba. Ka yanka ma kanka abin da za ka iya ɗauka a mako, ka tsaya a kansa. Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ba a rubuta ba shi ke raba zumunci.

Darasi na uku: lokacin sayarwa

Kowa ya san da kaka gero da wake na araha, zuwa bazara da farkon damina su yi tsada. Manomi na sayarwa da kaka don bukata ta matsa, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Akwai dabarar da aka daɗe ana yi a Nijar, wadda ake kira warantaj. Ƙungiyar manoma na tara amfanin gona a magaza, a rufe da kwaɗo biyu, makulli guda a hannun ƙungiya, guda a hannun asusun da ya ba da rance. Manoma su karɓi rancen wani kaso na darajar kayan, su yi kiwo ko wata sana'a da rani, su biya, sannan a buɗe magaza lokacin da farashi ya ɗaga.

Ɗalibin da ya gane wannan za ya iya riƙe ma ƙungiyar garinsu littafi. Za ya kuma san cewa ajiya tana da nata kuɗi da nata haɗari: kuɗin buhu, hayar magaza, ƙwari masu cin wake, abin da asusu ke ɗorawa kan rance, da shekarar da farashi ya ƙi tashi. Hukumar SIMA tana bin farashin kasuwannin ƙasar nan tana bayyanawa. Aiki ne mai kyau a ba ƴan aji: kowace ranar kasuwa su rubuto kuɗin tiyar gero, wake da riɗi, daga Oktoba zuwa Yuni, su zana a allo su ga yadda yake hawa da sauka.

Darasi na huɗu: wa za ya saya?

Abin da masu boko ke kira marketin, tambayoyi ne da kowace mai tuwon sayarwa ta sani: me mutane ke so, nawa za su iya biya, ina za a same su, ta yaya za su ji labari? Matsalarmu ita ce kwaikwayo. Idan ɗaya ya buɗe wurin cajin salula ya samu, kafin wata uku an buɗe biyar a layi guda, kowa ya rasa.

Alhali muna da abin da wasu ba su da shi. Gulbin Kaba ya ratsa yankinmu da goriba da kabar da ake saƙa tabarmi da igiya. Muna da jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙetare. Muna da riɗi, gyaɗa da zoɓo. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta bi ta cikin Tasawa, motocin Maraɗi da Damagaram na wucewa dare da rana. Riɗin da aka tsince, aka wanke, aka ƙulla da awo daidai, da suna da lambar waya a jiki, ba kuɗinsu ɗaya da wanda aka zuba a faifai da tsakuwa ba. Hoto mai kyau a WhatsApp na iya kai tabarmar Mayahi gaban mai saye a Yamai. Amma mai saye sau ɗaya ake cutarsa. Tiyar da aka bubbuge gindinta ta kori mutane fiye da tsadar kaya.

A nan muna so mu bambanta abu biyu. Koya ma yarinya lissafin ciniki daban yake da ɗora mata tire a ka lokacin da ƴan ajinsu ke karatu. Tallar da ke fidda yarinya daga aji tana kawo dala yau, ta hana ta jika gobe.

Me za a iya yi tun yanzu?

Ba sai an jira sabon tsari daga Yamai ba. A kolej akwai darasin lissafi, akwai na tattalin iyali, EFS. Mushe na iya ɗauko misalansa daga kasuwar garin. Kwamitin kula da makaranta, COGES, da ƙungiyar iyaye na iya gayyato ɗan kasuwa ko dillalin bisashe ya yi ma yara bayani awa guda, da Hausa. Tun watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba abin kunya ba ne a yi bayanin riba da faɗuwa da harshen da ake cinikin da shi.

Malamai na kusa kuma su ne iyayenmu mata. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata na zubi kowane mako, su ba junansu rance, su raba a ƙarshen zagaye. Ƴar kolej da ta zauna kusa da akwatin nan tana rubuta musu zubi da rance, ta shiga ajin kwantabilite ba tare da ta je Maraɗi ba.

Ku kuma ƴan uwa na nesa, mun san da zufa kuke samun abin da kuke turowa ta Nita, Al Izza ko Amana. Idan ƙane ya ce a ba shi jari, kafin ku tura ku tambaye shi: me za ka sayar, nawa za ka saya, nawa za ka kashe kafin kaya su kai kasuwa, wa za ya saya, su wa ke sayar da irinsa kusa da kai? Ya rubuta a takarda ya ɗauki hoto ya turo. Ku fara da kaɗan, ku ce kowane ƙarshen wata ya turo hoton kayensa. Ku kuma raba kuɗin cefanen gida da kuɗin jari, ku faɗa ma mutanen gida a fili wane ne wane, don kar yaro ya shiga tsakanin kunya da karyewa. Idan kuma yaron na da ƙoƙari a aji, ya samu BEPC, ku tambayi shugaban makarantarsu yadda ake neman gurbi a ɓangaren G. Kuɗin riƙe shi shekara 3 a Maraɗi shi ma jari ne.

Iyaye na gida, ranar kasuwa mai zuwa in babu aji, ku tafi da ɗan kolej ɗinku da kaye a hannu. Ya rubuta abin da kuka sayar, da abin da kuka kashe tun daga kuɗin mota har na dillali, da dare ku zauna ya faɗa muku abin da ya rage. Allah ya sa albarka a nema, ya kai mu kaka lafiya.