Yadda Ake Tsire Sarƙar Furotin: A Cikin Jiki da a Ɗakin Gwaji

Gabatarwa

Duk yaron da ya ci tuwon dawa da miyar wake a Rogo, ko kifin madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye, ya ci abin da masana ke kira furotin, watau sinadarin gina jiki. To, amma furotin ɗin wake ba ya shiga jini a matsayin na wake. Sai ciki da hanji sun wargaza shi zuwa ƙananan gutsattsari masu suna amino asid, sa'annan jiki ya sake jera su bisa nasa tsari. Jerin da aka samu shi ne folifeftaid. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake yin jerin a cikin jiki da kuma a ɗakin gwaji, da dalilin da ya sa kuskuren wuri ɗaya tak yake zama ciwo.

Tsakiya iri 20

Mai karatu ya ɗauki folifeftaid kamar carbi, amino asid kuwa su ne 'ya'yan tsakiyar da aka tsire. Iri 20 ne jiki ke amfani da su. Kowane ɗaya yana da hannu biyu: hannun amino, mai ɗauke da naitirojin, da hannun asid. Yana kuma da wani reshe a gefe wanda ya bambanta shi da sauran; wani reshen yana son ruwa, wani yana gudunsa. Idan hannun asid na ɗaya ya kama hannun amino na wani, sai ƙwayar ruwa guda ta fita, a sami ƙullin da ake kira haɗin feftaid.

Daga cikin 20 ɗin nan, guda 9 jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera su, tilas su zo daga abinci. Dawa da masara suna da ƙarancin laisin, wake kuwa yana da shi sosai amma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke cikewa. Ashe ke nan iyayenmu da suka haɗa tuwo da wake, ko shinkafa da wake, ba su yi kuskure ba. Rogo kuwa, wanda ake dafawa, furotin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ƙuli-ƙulin da ake barbaɗa masa yake da muhimmanci.

Masaƙar cikin ƙwayar halitta

Umarnin jerin yana rubuce a cikin DNA da haruffa huɗu kacal. Ƙwayar halitta takan kwafi sashen da take bukata a kan wani zare mai suna mRNA, wanda shi ne ɗan aike. Zaren yakan shiga wata 'yar na'ura mai suna raibosom, ita kuma ta karanta shi haruffa uku-uku. Irin waɗannan kalmomi masu haruffa uku guda 64 ne. 61 suna kiran amino asid, 3 kuma suna cewa a tsaya.

Akwai 'yan dako da ake kira tRNA. Kowane ɗaya yana ɗauke da amino asid iri guda, kuma ba ya tsayawa sai a kan kalmar da ta dace da shi. Da zarar ya tsaya, raibosom sai ta ƙulla kayansa a jikin sarƙar da ke tsiro, ta matsa gaba da haruffa uku. Haka za a yi ta yi, ana ƙara amino asid da dama a kowace daƙiƙa, har a iso kalmar tsayawa. Daga nan sarƙar ta naɗe kanta, rassa masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su fuskanci waje. Wannan siffa ce ke ba furotin aikinsa.

Kuskure a gurbi na 6

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne sikila. Himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a jini, sarƙoƙi huɗu ne: alfa biyu masu amino asid 141 kowace, da beta biyu masu 146. A shekarun 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Jami'ar Cambridge ta Ingila, ya nuna cewa bambancin himogulobin mai sikila da na mai lafiya amino asid ɗaya ne. A gurbi na 6 na sarƙar beta, balin mai gudun ruwa ya maye gulutamik asid mai son ruwa, domin kalmar GAG ta koma GTG a cikin DNA. Idan oksijin ya yi ƙasa, sai ƙwayoyin himogulobin su manne wa juna, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini.

Raibosom ba ta yi laifi ba. Abin da aka rubuta mata ta karanta. Saboda haka abinci, komai kyansa, ba ya gyara gurbin. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar ɗa mai SS. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma gwajin jinotaif yana cikinta.

A ɗakin gwaji

Wahalar mai ilmin kemistiri ita ce amino asid ba su san layi ba. Idan aka zuba su wuri guda, kowa zai kama wanda ya samu. Dole a toshe hannu ɗaya da wani murfin sinadari, a bar ɗaya. Da irin wannan haƙuri Vincent du Vigneaud ya haɗa oksitosin, mai amino asid 9, a 1953. Shi ne maganin da ake yi wa mai jego allurarsa domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa.

A 1963 Bruce Merrifield na cibiyar Rockefeller a New York ya fito da dabara mai sauƙi. Ya ɗaure amino asid na farko a jikin ƙananan duwatsun roba waɗanda ba sa narkewa. Sai a cire murfi, a wanke, a zuba na gaba ya ƙullu, a sake wankewa. Sarƙar tana nan ɗaure, datti ne kawai ke tafiya. A ƙarshe a yanke ta daga dutsen. Raibosom tana farawa daga ɓangaren amino, shi kuwa daga ɓangaren asid ya fara. A 1969 shi da Bernd Gutte suka haɗa raibonukiliyes mai amino asid 124, kuma ya sami kyautar Nobel a 1984.

Ga lissafi ga malamai su ba ɗalibai. A ce kowane ƙulli yana yin nasara kashi 99 cikin 100. Oksitosin yana bukatar ƙulli 8, don haka kimanin kashi 92 za su fito daidai. Sarƙar beta tana bukatar 145, abin da zai rage kuwa kimanin kashi 23 ne kacal. Wannan ne ya sa idan ana son doguwar sarƙa da yawa ake komawa ga ƙwayar halitta. Insulin na masu ciwon sukari, mai amino asid 51, tun 1982 ake sayar da wanda bakteriya suka ƙera bayan an dasa musu umarnin ɗan Adam.

Kammalawa

A taƙaice, abinci shi ke kawo tsakiya, gado kuwa shi ke faɗin yadda za a jera ta. Na farko yana hannunmu kullum, a gona da tukunya. Na biyu kuwa, abin da ya kamaci saurayi da budurwa shi ne su san jinotaif ɗinsu tun kafin magana ta kai ga iyaye.