A Amurka, But Ɗin Mota Shi Ke Faɗin Gaskiyarta

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, musamman direbobi da makanikai da fanel-bita, yau ga labarin wata sana'a a Amurka, inda mutum zai kwashe watanni yana wahala a kan but ɗin mota, wurin da mu ba mu ɗauke shi a bakin kome ba sai ma'ajiyar kaya.

Tun daga 1964, lokacin da Pontiac GTO ta fito, kamfanonin Amurka suka shiga gasar ƙera motoci masu manyan injuna da gudun tsiya, irin su Chevrolet Chevelle da Dodge Charger da Plymouth Road Runner. Tsadar inshora da dokokin hayaƙi da rikicin man fetur na 1973 suka kashe kasuwarsu. Waɗanda suka rage sun zama dukiya, har an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 a gwanjon birnin Seattle a 2014 a kan dala miliyan 3.5.

To, mai irin wannan mota so yake a mayar da ita daidai yadda ta fito daga masana'anta, ba ragi ba ƙari. A nan ne but ke tona asiri.

Da farko sai maganin tsatsa, domin ruwa kan yoyo ta gefen gilashin baya ya kwanta a ƙasan but ya ci ƙarfen. Akan yanke ruɓaɓɓen a yi waldar sabo, sa'an nan a shafa kitsen toshe gaɓa da burushi, birkice-birkice kamar yadda ma'aikatan da suka yi shi cikin sauri.

Sai fenti. Motocin General Motors na ƙarshen shekarun 1960 akan fesa wa but ɗinsu wani fenti mai ɗigo-ɗigo, baƙi da ratsin shuɗi-shuɗi. Su kuwa Dodge da Plymouth galibi launin jikin motar ne har cikin but, a shimfiɗa tabarmar roba mai zane. Wanda ya sa na wannan a wancan ya yi asarar kuɗinsa.

Bayan haka ga jak irin mai kama bamba, da sifanar kwance taya, da tayar ko-ta-kwana. Galibinsu suna ɗauke da lambar da ke nuna lokacin da aka ƙera su, kuma tilas lokacin ya riga ranar haɗa motar da ɗan kaɗan. Jak ɗin 1971 a cikin motar 1969 kuskure ne babba. Hatta takardar da ke koya yadda ake ɗaga mota da jak, wadda ake mannawa a cikin murfin but, tana da gurbinta. Motar Camaro ta wancan zamani ma a masana'anta biyu aka haɗa ta a Amurka, Norwood a Jihar Ohio da Van Nuys a Kalifoniya, kuma alƙalan nunin motoci suna lura da bambancin aikinsu.

Abin mamaki shi ne, idan gyara ya fi na asali kyau, watau fenti ya yi sheƙi sumul inda a da yake da kaushi, alƙalai sukan rage wa motar maki. Gaskiyar abin suke nema, ba ƙawa ba.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Inda kuɗi suka yi yawa, macuta ba su rasa zuwa, sukan ɗauki mota gama-gari su yi mata kwalliyar mai tsada. Mai saye mai wayo yakan buɗe but ya ɗaga tabarma tukuna, domin algungumi yakan gyara inda ido ke kai ya manta da lungu.

Mai karatu, kai da ke zaune Kudu inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, in za ka sayi tsohuwar mota, ɗaga tabarmar but ka duba ƙarfen kafin ka zaro kuɗi. Allah ya kiyaye mu da sayen da-na-sani.