Me ya sa manhajar ajiyar bayanai ke tsayawa?

A Maraɗi, idan manhajar da ke kwafe bayanan ofis zuwa wani akwatin ajiya ta ƙi aiki, a fara duba wuta kafin a zargi manhajar. Layin da ke ba birnin lantarki daga Katsina yake fitowa, kuma an ji jiki da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023. Ko a yau, kamfanin lantarki na NIGELEC na ɗauke wuta ana tsakiyar kwafe, sai aiki ya tsaya rabi.

Bayan wutar ta dawo ne ake shan wahala. Na'urar rarraba intanet takan ba akwatin ajiya sabon adireshi, manhaja kuwa tana can tana neman tsohon. Maganinsa a kafe masa adireshi guda. A duba agogon kwamfuta ma: idan ƙaramin batirin cikinta ya mutu, kwanan wata na komawa baya, akwatin ajiya ya ƙi karɓarta.

Cikar faifai da sauya kalmar sirri kuwa, rajistar manhajar za ta faɗa, in an karanta.

Masu aiko bayanai daga Tibiri ko Jiratawa ta layin waya, gara su riƙa tura abin da ya canja kaɗai, cikin dare. Duk wata a gwada dawo da fayil ɗaya, a buɗe shi a gani.