Yadda Sunan Zamfara Ya Shiga Littattafan Turai: Bayanin Hasan al-Wazzan

A shekarar 1492 birnin Garnaɗa, daula ta ƙarshe ta Musulmi a Andalus, ya faɗa hannun Sarki Fardinand da Sarauniya Isabella. Cikin iyalan da suka yi hijira zuwa Fas har da na wani yaro mai suna Hasan bin Muhammad al-Wazzan. A can ya yi karatu, daga bisani ya zama manzon sarkin Fas, ya ratsa Sahara har Tumbuktu.

A 1518 'yan fashin teku suka kama shi, suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na Goma a Rum. A 1520 aka yi masa baftisma da sunan Fafaroman, shi ya sa Turawa ke kiransa Leo Africanus. Hukuncin wanda ya furta kafirci bisa tilas, zuciyarsa na natse da imani, sananne ne a wurin malamai; abin da ke cikin zuciyar Hasan kuwa, Allah ne masani.

A Rum ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526. An buga shi a Banis a 1550, John Pory kuma ya fassara shi da Ingilishi a Landan a 1600, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko. Ta wannan hanya masu karatu a Ingila suka san sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara, fiye da ƙarni biyu kafin Clapperton ya iso Sakkwato a 1824.

Hasan ya siffanta Zamfara da yalwar hatsi da shinkafa da auduga, wanda duk mai sanin fadamun Shinkafi ba zai yi mamaki ba. Ya ce Askiya na Sanwai ya halaka sarkinta da guba. Sai dai ya ajiye ta gabas da Zazzau, alhali tana arewa maso yamma, ya kuma muzanta mutanenta. Wannan na cikin dalilan da suka sa masana da dama ke ganin ji ya yi daga fatake, bai gani da idonsa ba.

Saboda haka ɗalibin tarihi ya auna wannan bayani kamar yadda ake auna ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, a wane hali ya rubuta, kuma don wa. Sannan ya gwama shi da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da abin da masarautun Zurmi da Ƙauran Namoda suka adana na tarihin baka. Inda suka dace a karɓa, inda suka saɓa a dakata har hujja ta bayyana.