Kada A Ɗaure Fis Da Waya

Direban da ya bi ta Ƙofar Dundaye da dare, ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kadan fitilunsa suka mutu cikin fadama, kada ya yi gaggawar zargin batir. Sau da yawa laifin yana cikin akwatin fis.

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi domin ya narke in wuta ta yi yawa, watau ya ƙone wayoyi su tsira. Launinsa ke nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A kashe mota, a zare shi, a duba a haske. In ya tsinke, a sa irinsa daidai. In sabon ya sake ƙonewa nan take, mai yiwuwa wata waya ce ta saɓule tana taɓa jikin mota; sai a nemi mai gyaran waya.

Rile kuwa makunni ne da ƙaramar wuta ke motsawa, ya saki babba zuwa fitila ko famfon mai. Mai lafiya yakan yi "ƙas" in an kunna. In ya yi shiru, a musanya shi da ɗan'uwansa mai lamba ɗaya, a gwada.

To, jama'a, masu cusa wayar tagulla ko takardar kwalin taba a madadin fis, gobara suke kira, gama waya ce za ta yi zafi har robarta ta kama. Direba ya riƙa ajiye fis biyu-uku a mota. Rigakafi ya fi magani.